Fashin Baƙi: Wane Aiki Ruwa Yake Yi a Jikin Ɗan Adam, Kuma Wane Irin Ruwa Jiki Yake Buƙata?

Duk shekara da zarar bazara ta kama, musamman idan ta haɗu da watan azumi kamar yadda ta yi a 'yan shekarun nan, sai maganganu game da ruwan sha su cika wayoyin mutane da majalisun hira. Wani ya ce ruwan sanyi yana daskarar da kitse a cikin mutum, wani ya ce dole ne kowa ya sha kofi takwas a rana, wani kuma ya shawarci mai azumi da ya ɗura lita biyu ko uku da sahur domin ya ajiye ruwan da zai ishe shi yini. Ga kuma masu tallar abin da suke kira ruwan alkalin, waɗanda suke cewa yana wanke tsamin jini, suna sayar da shi da tsada ga mutanen da da ƙyar suke sayen ruwan leda. Tambayar da ke ƙarƙashin duk waɗannan maganganu guda ɗaya ce: mene ne ruwa, kuma me jiki yake yi da shi bayan an haɗiye? Wanda ya fahimci amsar zai iya tantance gaskiya da shaci-faɗi da kansa.

Mene ne ruwa a wurin masana sinadarai?

Tsawon ƙarnoni masana suna ɗaukar ruwa a matsayin asalin abu wanda ba ya rabuwa. Sai a shekarar 1783 masanin sinadarai na Faransa, Antoine Lavoisier, ya nuna cewa ruwa haɗi ne na iska iri biyu, wato haidirojin da oksijin. Kowace ƙwayar ruwa mafi ƙanƙanta tana ɗauke da zarra biyu na haidirojin da zarra ɗaya ta oksijin, abin da ake rubutawa H2O ke nan.

Sirrin ruwa yana cikin siffar wannan ƙwaya. Zarrorin uku ba su jeru a miƙe ba, sun lanƙwashe kamar gwafa, da kusurwa ta kimanin digiri 104.5. Oksijin ya fi ƙarfin jan lantarkin da suke tarayya a kai, saboda haka gefensa yana ɗauke da ɗan caji mara kyau, gefen haidirojin kuma yana ɗauke da ɗan caji mai kyau. Wannan ya sa kowace ƙwayar ruwa take riƙe maƙwabtanta kamar yadda ƙananan mayen ƙarfe suke manne wa juna. Riƙon ba mai ƙarfi ba ne, yana ƙulluwa yana warwarewa a cikin ƙiftawar ido, amma yawansa ya sa ruwa ya bambanta da danginsa. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ita ma zarra biyu na haidirojin ne amma haɗe da farar wuta, tana tafasa tun a wajen digiri 60 ƙasa da sifili, alhali ruwa, duk da cewa ƙwayarsa ta fi tata rashin nauyi, sai ya kai digiri 100 kafin ya tafasa a daidai gaɓar teku.

Wannan caji mai fuska biyu shi ne kuma dalilin da gishiri yake narkewa. Gishirin miya haɗi ne na sodiyam da kulorin, kuma idan ya shiga ruwa sai ƙwayoyin ruwa su kewaye kowannensu, su raba su, su tafi da su. Haka sukari yake narkewa. Man gyaɗa kuwa ba shi da irin wannan caji, shi ya sa yake taruwa a sama komai yawan motsawa. Jikin ɗan Adam ya ginu a kan waɗannan halaye biyu: abin da yake narkewa a ruwa jini yana ɗaukarsa ya kai shi inda ake buƙata, bangon kowace ƙwayar halitta kuma an gina shi da maiƙo domin kada abin da ke ciki ya gauraya da na waje.

Randa da zufa: hikima ɗaya ce

Ruwa yana shan zafi mai yawa kafin ya yi ɗumi. Zafin da ake buƙata domin a ɗaga ɗumin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya ya ninka na ƙarfe kusan sau tara, shi ya sa kwanon rufi yake ƙona hannu da hantsi alhali ruwan da ke cikin duro bai gama ɗumama ba. Tun da fiye da rabin nauyin mutum ruwa ne, zafin jikinsa ba ya hawa da sauka da gaggawa, yana tsayawa a kusa da digiri 37.

Amma babban aikin yana wurin ƙafewa. Kafin ƙwayar ruwa ta tashi ta zama tururi sai ta tsinke riƙon da ke tsakaninta da maƙwabtanta, kuma ƙarfin yin hakan daga zafin wurin da take zaune take samunsa. Kakanninmu sun daɗe da cin moriyar wannan ta hanyar randa da tulu: ruwa yana tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu, iska ta kwashe shi, ya tafi da zafi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. A kan wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Fatar mutum randa ce mai rai. Kowace lita ta zufa da ta bushe a jiki tana tafiya da zafi na kusan kilokalori 580, kuma manomi ko lebura ko mai tura kurar ruwa da ke aiki a tsakar rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda.

Sharaɗin shi ne zufar ta bushe. Wadda ta gangara ta ɗiga ƙasa ta tafi da ruwan jiki ba tare da ta rage zafi sosai ba, kuma wannan ne ya sa zafin gab da faɗuwar damina, lokacin da iska ta cika da laima, ya fi na busasshiyar iska wahalar da mutum. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, jini ya ragu, zufa ma sai ta ragu, zafin jiki ya fara hawa, kuma da ya haura digiri 40 har mutum ya soma ruɗewa ko sambatu, to an shiga halin gaggawa da ke buƙatar a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi ne suka fi jin jiki, domin ƙishirwa ba ta faɗakar da tsoho da wuri kamar yadda take faɗakar da matashi.

Maganar ruwan sanyi da daskarar da kitse kuwa ba ta da tushe. Kofi ɗaya na ruwan ƙanƙara yana shiga cikin jiki mai ɗumin digiri 37, kuma cikin 'yan mintoci yake ɗaukar ɗumin jikin.

Ina ruwan jiki yake zaune?

Namiji baligi mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da ruwa kimanin lita 42, wato kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa. Na mace yakan ɗan yi ƙasa da haka domin kitse ba ya riƙe ruwa kamar tsoka, na jariri sabon haihuwa kuma yana kaiwa wajen kashi 75. Kashi biyu bisa uku na wannan ruwa yana cikin ƙwayoyin halitta, sauran yana kewaye da su, kuma kimanin lita 3 ne kawai yake gudana a matsayin ruwan jini. Daga cikinsa ake yin yawu da hawaye, da ruwan da ke sulɓin gaɓoɓi, da wanda ƙwaƙwalwa take shawagi a ciki domin kada ta bugi ƙoƙon kai, da wanda ɗan tayi yake kwance a cikinsa. Narkewar abinci ma da ruwa ake yinta, domin tuwon da aka ci ba ya zama sukarin da jini zai ɗauka sai ƙwayoyin ruwa sun shiga sun tsinka dogayen sarƙoƙin sitaci.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, babu inda ruwan jiki yake zalla. Ko'ina yana ɗauke da gishiri: sodiyam ya fi yawa a wajen ƙwayoyin halitta, fotasiyam ya fi yawa a cikinsu, kuma bambancin nan ne yake samar da ɗan lantarkin da jijiyoyi suke aika saƙo da shi, zuciya kuma take bugawa da shi. Ruwa yana da ɗabi'ar bin gishiri, yana ratsa bangon ƙwayar halitta daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta ga ruwa ya fito ta ga wannan doka da idonta. Ƙananan ƙofofin da ruwa yake bi ta cikinsu wani likitan Amurka mai suna Peter Agre ne ya gano su, aka ba shi lambar Nobel a fannin sinadarai a shekarar 2003.

Saboda wannan doka ce ruwan da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya ba ya zama zalla. Wanda aka fi amfani da shi yana da giram 9 na gishiri a kowace lita, daidai da kaurin jini. Da za a sa zallan ruwa a jijiya, da jajayen ƙwayoyin jini sun kumbura sun fashe. Ruwan teku kuma, mai kimanin giram 35 a lita, ƙara wa mai shansa ƙishirwa yake yi, domin ƙoda ba ta iya fitar da gishirin sai ta haɗa da ruwan jiki.

Ƙoda, kofi takwas da ɗurin sahur

Ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Wani sashe na ƙwaƙwalwa yana auna kaurin jini dare da rana. Idan ya yi kauri, sai a saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi ja, mutum kuma ya ji ƙishirwa. Idan ya tsinke, sai umarnin ya tsaya, fitsari ya yawaita ya yi fari.

Daga nan ake gane kuskuren ɗurin sahur. Jiki ba shi da tankin ajiya, kuma rarar da aka sha a zama ɗaya ƙoda tana fitar da mafi yawanta cikin 'yan awoyi, mai azumi ya wayi gari yana zaryar bayi. Abin da ya fi amfani shi ne a rarraba sha daga buɗa-baki zuwa sahur, a haɗa da abinci mai ruwa kamar kunu, koko, fura da nono, kankana da miya, domin ruwan da ya shiga tare da abinci ya fi daɗewa a jiki. Ɗurin da ya wuce kima ma yana da haɗari, domin ƙoda ba ta iya fitar da fiye da kimanin lita ɗaya a awa. Idan aka zarce haka sodiyam na jini yana tsinkewa, ruwa ya kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, kuma an sha samun waɗanda suka rasu ta haka a wuraren tseren gudu mai nisa.

Shi kuwa kofi takwas ba doka ba ce. Cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta kiyasta a shekarar 2004 cewa lita 3.7 ga namiji da lita 2.7 ga mace sun wadatar a rana, amma lissafin ya haɗa da shayi da sauran abin sha da ruwan da ke cikin abinci, kuma an yi shi ne a kan mutanen da ke zaune a yanayi mai sanyi-sanyi. Mai noma a Sakkwato cikin watan Afrilu da ma'aikacin da ke zaune a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba za su taɓa samun adadi ɗaya ba. Launin fitsari ya fi kowane lissafi faɗin gaskiya ga mai lafiya. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya kuwa, adadin da likitansa ya gindaya masa shi ne abin bi.

Ruwan alkalin da batun tsamin jini

Masana suna auna tsami da ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Zallan ruwa yana kan 7, abin da ke ƙasa da haka mai tsami ne kamar tsamiya da lemon tsami, abin da ke sama kuma shi ne alkalin, kamar kanwa da ruwan toka. Bahaushe ya san wannan a madafa tun kafin a ba shi suna, domin ya san kanwa tana kashe tsami, kuma idan aka jefa ta cikin zoɓo jan launinsa yana juyewa ya yi duhu.

Masu tallar ruwan alkalin suna cewa abincin zamani yana sa jini tsami, tsamin kuma yana haifar da cututtuka har da daji, don haka ruwa mai pH na 8 ko 9 zai gyara lamarin. Matsalar wannan da'awa ita ce, jini ba ya jiran taimakon kwalba. Yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45, kuma huhu yana daidaita shi cikin mintoci ta hanyar fitar da iskar da muke hurarwa, ƙoda kuma tana kammala aikin a hankali. Ban da haka, ruwan da aka sha tumbi yake fara isa, inda tsami yake tsakanin 1.5 da 3.5, kuma a nan ɗan alkalin da ke cikinsa yake ƙarewa. Gaskiya ne jini yana iya yin tsami, amma hakan yana faruwa ne ga mai ciwon sukari da ya rikice ko wanda ƙodarsa ta gaza, kuma wannan hali ne na kwanciya asibiti. Ruwan alkalin mai tsabta yana kashe ƙishirwa kamar kowane ruwa mai tsabta. Abin da ke damuna shi ne majiyyacin da zai ajiye maganin hawan jini ko na sukari ya koma sayen ruwa, da magidancin da zai rage cefane domin a ce masa yana kula da lafiyar iyalinsa.

Inda ilimin ruwa yake ceton rai

Idan ana neman ruwan da ya cancanci a kira shi magani, to ruwan gishiri da sukari ne. A kowace rana kimanin lita 8 zuwa 9 na ruwa suna ratsa hanjin baligi, mafi yawansu daga yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da sauran abin da jiki yake zubawa domin narka abinci, kuma hanji yana tsotse kusan duka, abin da ke fita a bayan gida bai wuce ƙaramin kofi ba. Ƙwayar cutar kwalara tana sakin dafi da ke sa bangon hanji ya riƙa zubar da gishiri zuwa ciki, ruwa kuma ya bi gishirin kamar yadda ya saba, har majiyyaci ya iya rasa kusan lita ɗaya a awa. Wanda aka gani da safe yana tafiya da ƙafarsa yana iya rasuwa kafin dare, kuma bushewar jiki ce take kashe shi.

Zallan ruwa ba ya wadatar da irin wannan majiyyaci, domin gishiri ya zubar tare da ruwan. A shekarar 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da take shigar da sodiyam tare da sukarin gulukos, ɗaya ba ya wucewa sai da ɗaya. Daga baya aka gano cewa dafin kwalara ba ya rufe wannan ƙofa. Ke nan idan aka ba majiyyaci gishiri da sukari a gwargwadon da ya dace, sukarin zai ja sodiyam zuwa cikin jini, ruwa kuma ya biyo baya. A shekarar 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a ƙasar Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa a manyan duro ana bai wa 'yan uwan majiyyata suna shayar da su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Ƙunshin garin haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda ake kira ORS, da ake samu yau a asibitoci da shagunan magani, bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, yana ɗauke da giram 13.5 na gulukos, giram 2.6 na gishiri, giram 1.5 na sinadarin fotasiyam da giram 2.9 na wani sinadari mai rage tsami, a narkar a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ga yara ana haɗawa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan babu ƙunshin, ana iya haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tsiri ba, a cikin lita ɗaya, kafin a isa asibiti. Awon yana da muhimmanci ƙwarai. Uwar da ta ƙara sukari domin yaro ya ji daɗin sha, ko ta ba shi lemon kwalba a madadin haka, ta juya dokar nan ta bin kauri a kan ɗanta, domin yawan sukari a hanji yana jawo ruwa daga jiki ya ƙara gudawar. Haka kuma tsohuwar al'adar hana mai gudawa ruwa da nufin ta tsaya, hanzarta bushewar jikinsa take yi.

Ruwa mai kyan gani da abin da ya ɓoye

Halin nan na narkar da abubuwa, wanda jiki yake cin moriyarsa, shi ne kuma yake sa ruwa ya ɗauko abin da ido ba ya gani. Alam yana kwantar da laka ruwa ya yi garai, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Tafasawa ko sa sinadarin kulorin yana kashe su, amma tafasawa ba ta cire dalma ko fulorid, sai ma ta ƙara musu kauri yayin da tururi yake tashi. Mutanen garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun ga wannan da idonsu, lokacin da ruwan rijiyar burtsatsen da garin ya dogara da shi tun shekarun 1980 ya zamo yana ɗauke da fulorid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da ɓatattun haƙora. Ruwan ba shi da wari ko launi, kuma gwajin ɗakin bincike kaɗai yake iya tona irin wannan, shi ya sa ya kamata duk al'ummar da aka haƙa wa sabuwar rijiyar burtsatse ta nemi a nuna mata sakamakon gwajin ruwanta kafin a fara sha.

Jariri ɗan ƙasa da wata shida shi ne ya fi kowa rauni a gaban wannan duka. Iyaye da kakanni da yawa suna ganin rashin tausayi ne a hana jariri ruwa cikin zafin bazara, kuma niyyarsu mai kyau ce. Sai dai nonon uwa kimanin kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, ruwa mai tsabta da ya zo da gishirinsa da sukarinsa daidai awon jikin jaririn. Ruwan da aka ɗura masa yana cika ƙaramin cikinsa ya rage tsotso, yana iya shigar masa da ƙwayoyin gudawa, kuma ƙodarsa da ba ta gama ƙwari ba ba ta iya fitar da rara da sauri, har sodiyam na jininsa ya tsinke ya kai shi ga jijjiga. Idan zafi ya tsananta, uwar ce za a ƙara wa ruwa da abinci, a bar jaririn ya riƙa kama nono duk lokacin da ya nema, dare da rana, har ya cika wata shida a fara haɗa masa da kunu da ruwan da aka tafasa.